Daga Tsumma Zuwa Famfas a Dandamisa

A Dandamisa ta ƙasar Makarfi, iyayenmu ba su san sayen abin tare fitsarin yaro ba. Zanen atamfa ne in ya tsufa a yayyaga shi, a ninka, a ɗaura wa jariri. Da dare uwa ta shimfiɗa wani tsumman a kan tabarma, ta kwantar da shi gefenta. Da ya motsa ta farka, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kai ya yi abinsa, su koma barci. Kakata takan ce yaron da ya saba da haka, kafin yaye ya daina jiƙa shimfiɗa, kuma na fi yarda da ita a kan masu talla.

Sai nafkin ya shigo, farin tawul da fil da wandon roba. Shi ma wahalarsa wanki, balle da damina, a shanya ya ƙi bushewa.

Pampers ya fito a Amurka a 1961, amma ya daɗe bai zama kayan ƙauye ba, har sai da masu kanti suka fara ɓalle leda suna sayar da shi ɗaiɗai. A Disambar 2023 kamfanin Procter & Gamble mai yin Pampers ya sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya, ga faɗuwar naira. Saboda tsada, yanzu uwa takan sa wa yaro famfas guda ɗaya tun magariba, ta ce ya kai asuba. Ina zai kai, yaron da ya sha koko ya sha nono? Shi ya sa tsumma da leda suka dawo kan katifa a gidaje da yawa.