Tarihin Kula da Masu Lalurar Galahanga a Omdurman

A Umbadda, yankin yammacin Omdurman da ƙidayar 2008 ta ba shi mutane kusan miliyan ɗaya, idan yaro ya kai shekara huɗu bai buɗe baki ba, kuma ba ya haɗa ido da kowa, wato alamun galahanga, wurin malami ake fara nufa da shi. Al'adar ta girmi asibiti nesa ba kusa ba. Cibiyarta ita ce masid, zauren shehunan ɗariƙa mai haɗe da makarantar allo, kuma wanda ya fi suna shi ne na Umm Dubban, gabas da Khartoum, wanda Shehu al-Ubaid wad Badr ya kafa a ƙarni na 19. A can ana wanke rubutu a ba yaro ya sha, a ƙona takardar ayoyi ya shaƙi hayaƙin, a yi masa tofi, wanda ya faye fizge-fizge kuma a sa masa mari.

Wanda ya canza akalar lamarin shi ne Dakta Tijani al-Mahi, haifaffen Kawa a bakin Farin Nilu a 1911. Bayan ya ƙware a Landan, ya buɗe asibitin ƙwaƙwalwa na farko a Bahri, wato Khartoum ta Arewa, a 1949. Bai ɗauki malamai abokan gaba ba. Ya riƙa zama da su, yana sauraron yadda suke fassara ciwo, har suka soma turo masa waɗanda suka gagare su. Magajinsa, Taha Baasher, ya ƙulla irin wannan hulɗa da shehunan Umm Dubban, a zamanin da Thomas Lambo ke gwada makamancin haka a Aro ta Abeokuta daga 1954. Tijani ya rasu a 1970, aka sa sunansa a babban asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman.

Sai dai wannan aiki na manya masu taɓin hankali ne, alhali galahanga ba hauka ba ce. An daɗe ana cusa yaran a wannan rukuni, abin da ya cuce su matuƙa. Sauƙi ya fara zuwa ne ta hannun mata. Jami'ar Ahfad ta mata, wadda Yusuf Badri ya assasa a Omdurman a 1966, ta yaye ɗalibai masu yawa a fannin halayyar ɗan Adam da tarbiyyar ƙananan yara. Su da iyaye mata ne suka zama ƙashin bayan ƙananan cibiyoyin koyar da magana da mu'amala, kodayake galibinsu na kuɗi ne, sun fi ƙarfin talakan Umbadda.

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman a 2009, ta sabunta dokarta a kansu a 2017. Amma a 2020 binciken sashen Larabci na BBC ya nuna yara ɗaure da sarƙa a wasu makarantun allo, har da na Omdurman.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe akasarin asibitocin jihar Khartoum, ya tarwatsa malamai da iyalai zuwa Masar da jihohin gabas, Umbadda kuwa tana cikin wuraren da aka fi daɗewa ana gwabzawa.