Ranar da ɗaliban Ibadan suka kutsa majalisa kan yarjejeniyar tsaro

Yawancinmu in an ce gwagwarmayar ɗalibai, tunaninmu bai wuce ƙarin kuɗin makaranta da rashin wuta da ruwa a hostel ba. To akwai lokacin da ɗaliban ƙasar nan suka sa baki a harkar tsaro, kuma aka saurare su.

Tun a taron tsarin mulki na Landan a 1958, Turawan Ingila suka nemi shugabanninmu su amince da yarjejeniyar tsaro kafin a ba da 'yanci. Dalili kuwa, bayan rikicin mashigar Suez a 1956, jiragen sojan Ingila na neman hanyar zuwa gabas wadda ba ta bi ta Masar ba. Daftarin farko har da ba su hayar fili a Kano. An cire wannan daga baya, amma an bar musu izinin ratsa sararin samaniyarmu da sauka a filayen jiragenmu. Mu kuma su horar mana da hafsoshi, su taimaka mana da makamai.

Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministan tsaro Muhammadu Ribaɗu suna da hujjarsu: sojanmu kaɗan ne, manyan hafsoshi ma Turawa ne. Awolowo da 'yan adawa suka ce wannan mulkin mallaka ne ya dawo ta bayan gida. A Nuwamba 1960, ko wata biyu ba a yi da samun 'yanci ba, ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi tattaki zuwa Legas, suka kutsa harabar majalisa. Majalisa ta amince da yarjejeniyar duk da haka, amma surutu bai lafa ba. A Janairu 1962 aka soke ta.

Sai dai fa soke takarda bai raba mu da dogaro ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Amurka ta ƙi sayar mana da makamai, Ingila ta hana jiragen yaƙi. Dole Gowon ya juya wajen Tarayyar Sobiyet aka kawo MiG-17. A 2014, Boko Haram na riƙe da garuruwa a Borno da Adamawa, Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra. Super Tucano guda 12 kuwa, a 2018 aka biya dala miliyan 496 daga asusun rarar mai, har 'yan majalisa suka yi ƙorafin ba a nemi izininsu ba, jiragen ba su iso ba sai 2021. Ga kuma shari'ar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai da aka faro tun 2015.

Abin da nake so mu lura, jama'a: ɗaliban 1960 ba hayaniya kawai suka yi ba. Sun san abin da ke cikin yarjejeniyar, sun san sashen da suke ja da shi. Mu fa? Wallahi iyayenmu ne ake sacewa a gonakin Zamfara da Katsina, mu ne ke bin hanyar gida da fargaba duk hutu, amma mu nawa ne suka taɓa buɗe kasafin Ma'aikatar Tsaro? Yana nan a shafin Ofishin Kasafi na Tarayya, kyauta.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa: a zangon nan a ware zama guda, a ɗauko kasafin bana, a duba nawa ke tafiya albashi, nawa ke sayen kayan aiki, sannan a rubuta wa wakilanmu a majalisa tambaya. Allah Ya ba mu zaman lafiya.