TARIHI: Tsagar bango da al'adar yaɓe da muke neman mantawa

Duk damina sai mun ji labarin ɗaki ya faɗa wa mutane cikin dare, mu ce ruwa ne. Gaskiya ruwan ƙarasawa yake yi, aikin ya faro tun daga 'yar tsagar da muka raina.

Mu duba tarihinmu na Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye Birnin Zinder da ganuwar ƙasa mai kauri. Yau sai guntayenta, amma fadar sarki tana nan tsaye, don ba a daina gyaranta ba. Magina na da sun san ginin ƙasa kumbura yake in ya sha ruwa, ya ƙanƙance in ya bushe, nan tsaga ke fitowa. Shi ya sa kafin ruwan farko ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, a toshe kowace kafa, a yi yaɓe, a gyara indararo.

Ilimin boko ya zo ya tarar da su. A 1921 wani injiniyan Ingila, Griffith, ya bayyana cewa nauyi taruwa yake a bakin tsaga, kuma in ta kai wani tsawo sai ta ruga da kanta. Ko ƙarfe bai tsira ba. A yaƙin duniya na biyu, wasu jiragen ruwan Amurka sun rabe gida biyu, daga tsagar da ta faro a kusurwa ko wurin walda.

To mu fa? Da siminti ya shigo, sai muka shafe bangon ƙasa da shi, muka ce mun huta da yaɓe. Alhali siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Ruwa ya bi tsaga ya shige baya, ya rasa hanyar fita, bango na ruɓewa ciki, waje fes.

Don Allah kafin damina kowa ya zagaya gidansa. Tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa, a sa mata alama da gawayi. In ta wuce alamar, a kwashe yara daga ɗakin, a kira magini. Allah ya tsare mu.