Ranar da manoman auduga suka tsayar da taron duniya a Kankun

Yau tarihinmu zai kai mu birnin Kankun na ƙasar Meksiko, a watan Satumba na 2003, amma tushen labarin yana nan kusa da mu, a gonakin audugar maƙwabtanmu.

Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda muka fi sani da OMC, an kafa ta a 1995, Nijar kuma ta shiga a 1996. A 2001 aka buɗe sabon zagayen tattaunawa a Doha, da alƙawarin cewa wannan karon za a duba bukatun ƙasashe masu tasowa. To a daidai lokacin ne farashin auduga, wadda wasunmu ke kira kaɗa, ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne tallafin da gwamnatin Amurka ke ba manomanta. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa a kakar 2001 zuwa 2002 manoman audugar Amurka wajen 25,000 sun karɓi kusan dala biliyan 4. Wanda gwamnati ke cike wa giɓi ai ba ya jin tsoron faɗuwar farashi. Sai ya ƙara noma, kaya su cika kasuwa, farashi ya ƙara sauka. Manomin Mali ko na arewacin Benin kuwa, da ba shi da mai cike masa, shi ke kwana da bashin taki.

Ƙasashe huɗu, Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi, suka haɗa kai. A watan Yuni na 2003 shugaba Blaise Compaoré ya je Janeba da kansa ya miƙa kukansu. Ba sadaka suka roƙa ba. Cewa suka yi a janye tallafin a hankali cikin shekara uku, kafin nan kuma a biya su diyyar asarar da suke yi. Hujjarsu tana da ƙarfi: mutum sama da miliyan 10 ne ke ci daga auduga a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma a baya an matsa wa waɗannan ƙasashe su sakar wa kasuwa mara, sun kuma yi.

An buɗe taron Kankun ran 10 ga Satumba. A ranar ce wani manomi ɗan Koriya ta Kudu, Lee Kyung-hae, ya kashe kansa a wurin zanga-zanga. Ran 13 ga wata aka fito da daftarin yarjejeniya. Da wakilan Afirka suka duba batun auduga, babu maganar diyya, babu ranar janye tallafi. Abin da suka tarar shi ne shawarar a taimaka musu su rage dogaro da auduga, su kama wasu sana'o'i. Wato an ce wa mai ƙara ya canza gona. Rai ya ɓaci ƙwarai.

Su kuma Tarayyar Turai da Japan sun dage sai an buɗe sabbin batutuwa, kamar dokokin zuba jari da na kwangilolin gwamnati. Ƙasashen Afirka suka ce a'a. Tunda a OMC ba a yanke hukunci sai kowa ya yarda, ran 14 ga wata shugaban taron, ministan harkokin wajen Meksiko Luis Ernesto Derbez, ya rufe zaman ba tare da an cimma komi ba. Ranar dai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

To amma me ya biyo baya? A Hong Kong a 2005 an amince a soke tallafin fitar da auduga waje, a Nairobi a 2015 aka faɗaɗa hakan zuwa sauran amfanin gona. Sai dai babban tallafin, wanda ake ba manomi a cikin gida, bai gushe ba, diyya kuma ba ta zo ba.

Ku dubi Burazil kuwa. Ita ƙara ta kai Amurka gaban alƙalan OMC tun 2002, ta kuma yi nasara. A 2009 aka ba ta izinin ramawa a kan kayan Amurka. Ganin haka Amurka ta yarda ta riƙa biyan dala miliyan 147 a shekara, a 2014 kuma aka rufe shari'ar da dala miliyan 300. Rauni ɗaya ne, amma mai babbar kasuwa, da zai iya rufe ƙofarsa a ji zafi, shi aka biya.

Tsofaffin Maradi da Damagaram sun san irin wannan. Lokacin da Faransa ta daina sayen gyaɗarmu a farashin gata a ƙarshen shekarun 1960, an yanke maganar ne a wani tebur mai nisa, amma a aljihun manomi aka ji ta. Kankun ya nuna cewa haɗin kai yana iya hana a yi mana dole. Samun abin da muke nema kuwa sai muna da abin da za mu iya hanawa, kuma har yanzu mafi yawan audugar yankinmu ɗanya take fita, ta dawo mana atamfa.

Allah ya ba manomanmu damina mai albarka. Sai mun ji ra'ayinku.