Suna Ɗaya, Tarihi Daban: Daga Ƙurɗuba Zuwa Tudun Wada

Fasinjan da ya shiga tashar motar Mando ya ce Tudun Wada za shi, bai gama magana ba. Dole ɗan kamasho ya tambaye shi: "Alhaji, ta nan Kaduna, ta Zariya, ko ta jihar Kano?" Maimaituwar suna irin wannan ba ƙarancin basira ba ce. Shaida ce ta yadda mutane suka yi ƙaura, da kuma wanda ke riƙe da iko a lokacin da aka raɗa sunan.

Ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci sun fi ko'ina bayyana haka. Ƙurɗuba ta Andalus, wadda almajirai suka sani ta dalilin tafsirin Ƙurɗubi, tana da takwara a Ajantina, wadda Jerónimo Luis de Cabrera ya kafa a 1573. Guadalajara ta Meziko ta zauna a mazauninta na yanzu a 1542, ta ɗauki sunan mahaifar mayaƙi Nuño de Guzmán a Sifaniya, yau kuma ta ninka uwar tata yawan jama'a nesa ba kusa ba. A shekarar ce aka kafa Mérida a Yucatán bisa kufan wani birnin Maya, ita ma da sunan wani gari na Sifaniya. Duk waɗannan sunaye mayaƙa ne suka ɗora su a ƙasar da suka ci, don a san ta koma hannun Sifaniya.

A ƙasar Hausa abin ya biyo hanyoyi uku, kuma ba wadda ta yi daidai da ta Sifaniyawa.

Ta farko ta waɗanda aka kora ce. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar sun kafu a Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. Haɓen Zazzau sun kafa Abuja a 1828. Bayan 1976 babban birnin tarayya ya karɓe sunan, tsohon garin ya koma Suleja, amma sarkinsa bai saki sunan Zazzau ba. A nan wanda ya rasa gari ne ya tafi da suna, don kada haƙƙinsa ya ɓace.

Ta biyu ta fatake ce. Inda ayarin goro ya sauke kaya, nan zango: Zangon Daura, Zangon Kataf, Zangon Kumasi, Sabon Zango a Ankara ta Gana.

Ta uku ta Turawa ce. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka kwararo, sai aka keɓe musu Sabon Gari a 1913, bayan ganuwa. 'Yan Arewa da ba 'yan birni ba aka ba su Tudun Wada. Aka yi haka a Zariya da Kaduna. A Ibadan lamarin ya juye: Hausawa ne baƙi, su aka tara a Sabo a 1916. Ke nan suna ɗaya na nufin unguwar Ibo da Yarbawa a Kano, unguwar Hausawa a Ibadan.

Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917, ta fi kowane gari buƙatar wannan nazari, domin kusan kowa a cikinta zuwa ya yi. Unguwar Kanawa da Tudun Nufawa sun faɗi asalin mazaunansu na farko. Takardun mulkin mallaka na nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa, dattawan da suka ga Mando tana ƙauye kuma suna raye. Ya kamata masu bincike su haɗa bakin dattawan da takardun, unguwa bayan unguwa, tun masu ba da labarin ba su ƙare ba.