Labarin Ɗori: Yadda Masu Karatu Ke Ci Gaba Da Labaran Siyasa, Da Waɗanda Ya Kamata Ku Nema

Wannan bayani mun shirya shi ne saboda tambayar da matasa ke yawan yi mana daga Agye, Cadawa, Gazawa, Gangara, Tibiri da Gidan Runji, har da ƴan uwa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Abijan da Legas: shin mutum na iya ɗaukar jaruman wani littafi ko fim ya rubuta nasa labarin da su? In labarin ya taɓa siyasa fa, ina iyakarsa? To ga abin da muka tattaro muku.

Mene ne labarin ɗori?

Kun san yadda ake yi a fada in an gama kallon shiri a tele. Shayi na kan wuta, wannan ya ce da shi ne gwamnan da ba zai sa hannu a takardar ba, wancan ya ce ai matar ce ya kamata ta tona asiri. To ranar da ɗaya daga cikinsu ya ɗauki salula ya rubuta yadda yake ganin labarin ya kamata ya tafi, da sunayen jaruman da garinsu, ya aika wa abokai, ya yi abin da Turawa ke kira fanfikshin. Mu a nan mun sa masa suna labarin ɗori, don kuwa ɗorawa ake yi a kan ginin wani.

Alamominsa uku ne. Jarumai da garin na wani marubuci ne. Mai ɗorin masoyin labarin ne, ba mai shi ba. Kuma bisa al'ada kyauta ake rabawa, ba a sayarwa.

Inda ya samo asali a ƙasashen waje

A Amurka, masoyan shirin tele mai suna Star Trek ne suka yi fice da wannan al'ada. A 1967 suka fitar da ƴar mujallarsu mai suna Spockanalia. Da intanet ta zo, aka buɗe shafin FanFiction.net a 1998, sai Wattpad a ƙasar Kanada a 2006, sai Archive of Our Own da masu karatu suka kafa da kansu, wanda ya buɗe wa jama'a ƙofa a 2009 kuma ya ci kyautar adabi ta Hugo a 2019.

Siyasa ma ta shiga. A 2018 wani marubucin Amurka, Andrew Shaffer, ya buga littafin barkwanci mai suna Hope Never Dies, inda ya mai da Barack Obama da Joe Biden masu binciken kisan kai. A can an yi dariya an wuce. Amma a ƙasar Sin, a watan Fabrairun 2020, rikici ya tashi kan wani labarin ɗori da aka rubuta da sunan ɗan wasa Xiao Zhan, kuma a ƙarshen watan aka toshe Archive of Our Own a ƙasar baki ɗaya. Ku riƙe wannan misali, za mu dawo kansa.

Mu ma ba baƙonmu ba ne

In an duba, Bahaushe ya daɗe yana ɗori. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su. Kowace kaka da irin tata tatsuniyar, kuma sau da yawa Gizo sarki yake yi wa wayo. Ta bakin Gizo talaka ke faɗin abin da ba zai iya faɗa a ƙofar fada ba.

A rubuce ma haka ne. Abubakar Imam, a Magana Jari Ce da ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya sa musu rigar Hausa. Kuma igiyar da ta ɗaure littafi na farko siyasar fada ce: waziri maci amana yana neman gadon sarauta, aku yana riƙe ɗan sarki da labarai har makircin ya wargaje.

Yau kasuwar ta koma waya. Marubutan Hausa, galibi mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, Facebook da Wattpad, masu karatu na sharhi suna neman ci gaba. Wanda bai yi lakwal ba kuma yana saurare, ko a rediyo ko a karatun murya da ake turawa daga waya zuwa waya. Saboda haka ƙasar a share take, duk mai son ɗori yana da masu jiransa.

Waɗanda muke ba da shawarar ku nema

Ba a ɗori sai an san tushe. Ga labaran siyasa da muke ganin sun cancanci karatu, kuma kowane ya bar gurbin da mai hikima zai cike.

*Sarraounia*, na Abdoulaye Mamani, 1980. Namu ne na Nijar. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya sha gudun hijira, ya rasu a 1993. Ya ɗauki labarin baka na Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, ya faɗaɗa shi ya zama littafi da Faransanci. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, rundunar nan ta ratso ƙasarmu. A Dankori, kusa da Tasawa, aka kashe Kanar Klobb ranar 14 ga Yulin 1899, kwanaki kaɗan bayan haka sojojin Voulet da Chanoine suka kashe su, kaburburansu na Maijirgi. Me mutanen ƙauyukanmu suka gani a wannan damina? Tsofaffi na da abin faɗa, takarda ce ba ta kama ba.

*Ganɗoki*, na Muhammadu Bello Kagara, 1934. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Jarumi ne da ya yaƙi Turawan Ingila lokacin da suka ci ƙasar Hausa, daga nan labarin ya zarce duniyar aljannu.

*Turmin Danya*, na Sulaiman Ibrahim Katsina, 1982. Labarin Alhaji Gabatari ne, attajirin fasa-ƙwauri da ya sayi ma'aikata da kuɗinsa. Duk wanda ke zaune kusa da iyaka kamar mu, ba sai an yi masa fassara ba. Marubucin ya biyo da *Tura Ta Kai Bango* a 1983, kan siyasar jam'iyyu da zaluntar talaka.

*Ƙarshen Alewa Ƙasa*, na Bature Gagare, 1982. Mailoma tsohon soja ne da ya fito daga yaƙin basasar Najeriya ya zama shugaban ƴan ta'adda. Da irin abin da ƙauyukan bakin iyaka a gundumar Gidan Runji suka gani na ƴan bindiga a shekarun nan, littafin kamar jiya aka rubuta shi.

*Wa Zai Auri Jahila?* da *Alhaki Kuykuyo Ne*, na Balaraba Ramat Yakubu, 1990. Wani zai ce ai wannan zancen gida ne. To wa ke da iko a gida, wa ke yanke hukuncin auren yarinya ko karatunta, shi ma mulki ne. Marubuciyar ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammad ce, tsohon shugaban Najeriya.

*Kwana Casa'in*, shirin tashar Arewa24 da ya fara a 2019. Zaɓe, ƴan jarida, asibiti da cin hanci, duk a wani gari ƙagagge mai suna Alfawa. Sani Mu'azu ne ya fito a Gwamna Bawa Maikada. Ga mai son koyon ɗori, nan ne wurin farawa.

Ga mata masu rubutu kuma, ku sa ido kan gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Labarin da ya fara cin ta, *Sansani* na Aisha Muhammad Sabitu, kan rayuwar ƴan gudun hijira ne. Sai dai gasa irin wannan labarinki na kanki take so, ba ɗori ba.

Doka da hattara

Nan ne muke so ku buɗe kunne. A Nijar akwai dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 aka maido da shi. Dokar ta kuma tanadi hukunci kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Cewa "ai labari ne kawai" ba garkuwa ba ce in ka sa sunan mutum na gaske, ko ka siffanta shi yadda duk kasuwa za ta gane. Kuma kalmar yaɗawa ba marubuci kaɗai ta shafa ba, mai turawa ma ya yi tunani. Ƴan uwa na ƙetare, ku tuna: kai kana nesa, amma ƙanenka da ka tura wa yana nan gida.

Maƙwabtanmu ma sun ga irin tasu. A Kano an kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Misalin ƙasar Sin da muka kawo a sama ya nuna abu guda: labari ɗaya da ya taɓa mutum na gaske ya rufe wa dubban marubuta ƙofa.

In za ka rubuta naka

Na farko, ƙirƙiri gari. Abin da ya ba Kwana Casa'in ƙarfi shi ne Alfawa babu ita a taswira, amma kowa na ganin garinsu a ciki. Haka Imam ya yi, haka Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi. Labari a kan hali ya fi labari a kan mutum daɗewa, don mai kujera na tafiya, halin na nan.

Na biyu, faɗi tushenka. Rubuta a sama cewa jaruman na wane ne, kai ɗori ka yi. Kada ka sayar, kuma kada ka kwafe littafin wani ka cire sunansa, wannan sata ce ba ɗori ba.

Na uku, rubuta abin da ka sani. Rabon taki, rikicin gona da burtali, layin pampo, kuɗin makarantar da suka ɓace, saurayin da ya tafi ci-rani ya dawo da ra'ayin da bai yi wa dattawa daɗi ba. Kowane a cikinsu ya isa littafi.

Na huɗu, kada ka mai da wata ƙabila, ko wani gari, ko wata ɗariƙa ta zama ita ce muguwar labarin. Ka ba azzalumi dalilinsa, ka ba jarumi rauninsa, sai labarin ya yi kama da mutane.

Na biyar, rubuta da Hausarka. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Kada ka ji kunyar Gobiranci ko Katsinancin Maraɗi, su ne gishirin rubutunka.

Wanda ba ya karatu, ya nemi ɗa ko jika ya karanta masa da dare. Wanda ke da tsohon littafi a akwati, ya fito da shi a yi karo-karon karatu a fada. Masu zuwa Katsina ko Kano kuma, ku leƙa wurin masu sayar da littattafai ku tambayi sunayen da muka lissafa. In kun rubuta naku, ku karanta wa mutum biyu masu hankali kafin ku saki. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa damina ta yi albarka.