Argungu da Gulbin Kabi

Ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, amma Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarSa, ya musanya wa Kabawa da wani ruwa wanda, idan damina ta yi nisa, gulbin Rima da na Sakkwato suka haɗu suka gangaro suka malale fadama, mai tsayuwa bisa tudun Birnin Kabi yakan miƙa ido har ya gaji bai ga iyakar ruwa da shinkafa ba. Wannan shi ne Gulbin Kabi, wanda ke bi ta gefen Argungu, ya wuce Birnin Kabi, ya nufi kudu har ya faɗa Kwara, kuma duk wanda ya nemi fahimtar tarihin wannan ƙasa ba tare da shi ba, haƙiƙa ya ɗauko aikin da ba zai kammala ba.

A farkon ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye, ya kafa daularsa, ya gina Surame da ganuwar duwatsu wadda kufanta ke nan har yau. Ana kuma ruwaito cewa yana da wani babban jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake kewaya ƙasarsa a ciki lokacin cikar ruwa. Daga baya sarauta ta ƙaura zuwa Birnin Kabi, aka zauna nan har shekarar 1805, sa'ad da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, har ma Baturen nan Barth, da ya ratsa a 1853, ya tarar da mafi yawansa kango.

To, a nan ne fa fadama ta nuna amfaninta. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattaru a Argungu, inda ruwa da laka suka tsare musu gefe guda, dawakin mahara ba sa iya ratsawa sai rani ya yi tsanani. Kuma ko da yake an kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, Nabame ya dawo a 1849 ya sake ɗaga tutar kakanninsa. Tun daga nan, in ban da 'yan shekarun sulhu da ake kira Lafiyar Toga, ba a ajiye takobi tsakanin Kabi da Gwandu da Sakkwato ba har Turawa suka iso a zamanin Sarki Sama'ila.

Saboda haka ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 babban al'amari ce, domin jinin Shehu ɗan Fodiyo ne ya sauka baƙo a gidan da kakanninsa suka sha kai wa yaƙi, Sarkin Kabi Muhammadu Sama kuwa ya ga babu karamcin da ya fi ya tara masuntansa su shiga ruwan Matan Fada da homa da gora, su fito wa baƙonsa da giwan ruwa. Mutane da yawa suna zaton a ranar aka fara su a Kabi, alhali kuwa gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda Sarkin Ruwa ke yi kafin a halatta wa kowa jefa homa, sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Hana su na tsawon watanni, wanda jahili zai ɗauka camfi ne zalla, shi ne ke ba kifi damar hayayyafa.

Bikin su da ya samo asali daga wannan ziyara ya bunƙasa, Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta a 1970, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, duk da cewa madatsun Bakalori da Goronyo sun rage wa gulbin cikar da ya saba yi, an kuma yi kusan shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin 2020.

A ganina, mai zuwa ranar biki kaɗai taron baƙi yake gani, domin Argungu a sauran kwanakin shekara gari ne mai natsuwa, masunta na ɗinkin homa a inuwa, manoma na aikin shinkafa a fadama. Mai karatu, idan Allah ya nufe ka da zuwa, ka zaɓi kaka, ka fara da tsohuwar fadar da aka mayar Gidan Tarihin Kanta, inda kaburburan sarakunan Kabi suke, sa'an nan ka nemi mai kwalekwale ya ratsa da kai Matan Fada da sassafe.